Kasko Mai Ƙyalli

A Hamdara na girma, a hannun kakata Iya Hajjo, maginiyar tukwane. Idan an ci tuwo an yi isha'i, mukan zagaye ragowar garwashin murhu ta yi mana tatsuniya. Yawancinsu na ban dariya ne. Guda ɗaya ce idan ta ɗauko ta nakan cusa kaina cikin zanenta.

"Ku matso," takan ce, "wannan ba a yi mata dariya."

Wai wata mace ce, Ladi, wani baƙon falke ya ba ta kasko kore shar, mai santsi, har kana ganin fuskarka a ciki. Ta ware shi don ɗanta tilo. A ciki take zuba masa kunun tsamiya, ragowar ma a ciki yake kwana. Sannu a hankali yaro ya daina wasa. Ciki ya riƙa murɗa masa, baƙin zane ya fito a dasashinsa, har sunan akuyarsa ya manta. Kaskon kuwa, ƙyallin cikinsa sai dusashewa yake.

A nan Iya kan rage murya. "To, ina ƙyallin ya tafi?" Sai ta miƙo yatsa ta taɓa cibiyata. "Nan ya shiga."

Ranar da yaron ya faɗi yana sassandarewa, Ladi ta sa taɓarya ta farfasa kaskon. Yaron ya rayu, amma bai ƙara ce mata Inna ba.

"Iya, aljani ne a ciki?"

"Allah masani, jikata. Ni dai uwata ta ce, duk abin da ya fi yumɓu haske, kada a zuba masa tsami."

Na yi aure a Damagaram, Iya ta daɗe da rasuwa. Ɗiyata Rabi tana ƙarama ta kama ciwon ciki, ba ci, ba wasa. A asibiti wata ma'aikaciyar jinya ta tambaye ni a wane kwano take ci. Ta ce wasu masu gasa kwanuka na haɗa abin ƙyallinsu da dalma, tsami kuma yana janyo ta cikin abinci. A ɗan kwanon tangaran na kayan aurena nake ba Rabi nono kullum. Daga ranar ban ƙara zuba mata komai a cikinsa ba.

Alhamdu lillahi, Rabi ta warke, tana ma lakwal yanzu, tana karatun boko. Iya ba ta san sunan abin ba, tsoro kawai ta gada, shi ta ba mu. Ni ina ba ƴaƴana labarin har da sunan dalma. Amma har yau, idan Rabi tana magana ta tsaya laluben wata kalma, numfashina kan ɗauke sai ta same ta.