Murfin Injin da Nuhu Ya So a Cire

Nuhu na Garhanga taubashina ne. Uwarsa ƙanwar ubana ce, don haka tun muna yawo ba wando nake zaginsa yana zagina, ba mai shiga tsakani. Ni sunana Barmo, gyaran mota nake yi a Buza, bayan tasha, ƙarƙashin wani iccen bedi, wato darbejiya, da ya kusa girme ni. Shi kuwa direba ne. In dai ka taɓa bin hanyar Keita zuwa Buza zuwa Madawa ranar kasuwa, da wuya a ce ba ka taɓa zama bayan motarsa ba, kai da buhunan albasa da akuyar wani.

Da kunne Nuhu ya koyi tuƙi. Motocin da ya tashi cikinsu ba su da allura ko guda mai motsi a gaban direba, duk sun mutu tun kafin su iso ƙasarmu. Sai dai ka saurara. In inji ya yi nishi a hawan dutsi ka rage bitas, wato giya, in ya yi kururuwa ka ƙara, in kukan ya bushe ka tsaya ka nemi ruwa. Ba yabonsa nake ba, duk direbobin zamaninsa haka suke. Shi dai abin da ya fi su da shi taurin kai ne, da cin goro, da rowar magana.

Matarsa Zaliha ta rasu da wata damina, shekarun baya. Ɗiyarsu Samira tana aure a Agadas, ɗansu namiji kuma ya tafi Aljeriya neman aiki, sai jefi-jefi ake jin labarinsa. Nuhu bai sake aure ba, duk da na yi masa tsiya har bakina ya gaji. Gonar ya bar wa maƙwabci, ƙofar gidan da waya yake ɗaure ta. Ya taɓa ce mini ba ya son isa Garhanga da sauran rana, don in ya shiga gidan da haske yana ganin randa a bushe da murhu ba toka. Shi ya sa ya fi son kwana tasha, a kujerar gaba. Motar ita ce mai yi masa magana tun safe har yamma, shi kuma ba ya buƙatar ba ta amsa.

To, kunnen ne ya soma tafiya. Na hagu ya fara, bayan wani zazzaɓi da ya kwantar da shi, na dama ya bi a hankali. Sai ka ga yana kallon bakinka maimakon idonka. Ka ce masa ina gajiya, ya ce maka Keita za shi. In Samira ta kira shi a salula sai ya manna ta a kunne ya yi ta cewa "to, to, madalla," ko mutuwa take gaya masa, sannan ya kashe ya zauna yana kallon wayar. Ranar da na fara ganin haka tausayi ya kama ni har na shige ƙarƙashin wata mota da ba abin da ya same ta.

Amma aiki bai tsaya ba, don tsohuwar bashen da yake ja, irin motar nan mai buɗaɗɗen baya, ba ta san kunya ba. In ta tashi a Buza, mutanen Deule sun san ta taso. Ga girgiza, ko ta wurin zama ma kana jin abin da injin yake ciki. Da ita Nuhu ya ci gaba da rufa wa kansa asiri.

Motar ba tasa ba ce, ta Ridwan ce, ɗan ƙanwarsa, mai fataucin albasa a Sabon Gida. A gidan Nuhu Ridwan ya girma, tuwon Zaliha ya ci har ya yi gemu. Da Allah ya buɗa masa sai ya sayar da bashen, ya sa aka kawo masa wata mai shan gazuwal, wato man dizal, daga Kwatano, ya danƙa wa kawunsa lakile, wato makullin motar, yana murna, a ganinsa hutu ya saya wa tsoho. Da aka kawo ta garajina na ɗaga kapo, wato bonet, sai na ga wani baƙin murfin roba kwance a kan injin kamar faifai a bakin ƙwarya, cikinsa da soso mai kauri. Aikinsa ya danne ƙara ya kuma tare ƙasa. Fasinjoji suka yi ta sambarka, wai mota tana tafiya kana jin hirar na kusa da kai. Nuhu kuwa ya sauko daga tafiyar farko fuska a murtuke.

Daga nan abu ya soma lalacewa. Ya hau dutsi da babbar bitas har mota ta mace masa a tsakiya. Ko ya manta ta a ƙarama, injin yana ta ihu, shi yana tauna goronsa. Mutanen ƙauyuka suka soma cewa za su jira motar da ke baya.

Ran nan ya zo ya tsaya a kaina ya ce, "Barmo, cire min wanga murhi. Inji bai shan iska."

Wai! Kamar jira ake. Masu zaman garaji suka rabu biyu. Isaka mai faci ya rantse duk motar da ta fito bakin teku sai an tuɓe mata wannan riga, don masu ƙera ta ba su san bazarar Adar ba. Wasu suka ce in ka cire, yashi da ruwan ƙorama za su zauna kan bututun mai, ka sayi wahala da hannunka. Aka yi ta yi, har masu shayi suka sa baki, mutanen da ko keke ba su taɓa gyarawa ba. Ni abin da na sani, ruwa da fanka ne suke sanyaya inji, murfin nan ba shi dafa komai. Ka cire, mota ta ƙara surutu da datti. Ka bari, ta yi shiru. Iyakarta ke nan.

Abin da ya ƙona mini rai, duk wanda ke wurin ya san ba zancen iska ake ba. Kowa ya san Nuhu so yake ya ji injin. Amma wa zai dubi dattijo mai furfura ya ce masa kunnensa ya mutu? A wurinmu ba a yi. Sai aka fake da murfi, aka yi ta musu a kansa wata da watanni, shi yana zaune tsakiya yana bin bakunan mutane da ido.

Ridwan ya ce kar a taɓa masa mota, haka wanda ya sayar masa ya ja kunnensa. Bayan ƴan kwanaki sai ga shi ya zo ya same ni ni kaɗai, ya durƙusa kamar mai neman aure.

Ya ce, "Baba Barmo, kai ma ka san ba murhi na ba. Tsoro nike ji kar ya kashe mutane. Amma ni ban iya buɗa baki in ce ma Kawu ya aje tuƙi. Kai taubashinai ne, kai ɗai ka iya hwaɗa mishi."

Gaskiyarsa. Taubashi ne kaɗai ke da bakin faɗin abin da kowa ke jin nauyi. Washegari na tare Nuhu, na sa bakina daidai idonsa, na ce, "Nuhu, kai kurma ne."

Ya fashe da dariya ya ce, "Kai kuma makaho, bawan banza."

Na sake gwadawa wata rana. Na ja shi gefe, na zaunar da shi a benci, na cire hulata na riƙe a hannu don ya ga ba wasa. Na ce masa walle tallahi ba tsiya nake ba. Sai ya ƙara ƙyaƙyatawa, har yana dukan cinya, wai yau bawansa ya koyi wa'azi. Shekara da shekaru ina ce masa kurma, gurgu, mahaukaci, tun kunnensa garau, to yau ta yaya zai bambanta? Ko kuwa ya bambanta sarai, ya ga mafaka ya shige. Na jefar da hular ƙasa don haushi, na ce ya tashi ya ba ni wuri.

Ana nan bazara ta kai bazara. Wata ranar kasuwa ya ɗauko mutane daga Keita, cikinsu da wata mata mai ciwo da ake kai wa likita a Madawa. Tun kafin Deule bel ɗin fanka ya soma ƙugi. Duk motar sun ji. Na kusa da shi ya taɓa shi ya nuna gaba, Nuhu ya ce, "Na jiya, ba komi," ya ci gaba. Jar fitila ta kama a gabansa, amma mutumin da bai taɓa kallon wurin ba a rayuwarsa ina zai gani? Bel ya tsinke, inji ya tafasa, suka tsaya tsakiyar duwatsu da rana tsaka, ba inuwa sai ta motar. A nan aka shimfiɗa matar har wata mota ta zo ta kwashe su. Allah ya sa da sauran kwananta.

Da igiya aka jawo motar garajina. Na yi kwana biyu a kanta, Allah ya taimaka injin bai ƙone ba. Ridwan ya kira ni ya ce shi ya rasa yadda zai yi, in ya karɓe lakile mutane za su ce ya wulaƙanta wanda ya rene shi, in ya bari kuma alhakin rayuka na wuyansa. Na ce ya ba ni izinin murfin kawai. Sai ya ce in cire.

Bayan la'asar Nuhu ya zo. Ya rame, rigar da ya tafi da ita Keita ce har yanzu a jikinsa. Bai zage ni ba, ni ma ban zage shi ba. Ya ce, "Murhin nan na ya ɓoye min kukan bel. Da babu shi da na jiya tun nesa. Cire shi, Barmo. In na ji ta yadda ya kamata, gobe in koma hanya."

Ban taɓa jin ya ambaci ji da bakinsa ba sai ranar. Na kama murfin ta gefe biyu na ɗaga, ya fita ba gardama. Na jingine shi jikin bedi. Ga inji nan tsirara, da bututunsa da wayoyinsa. Nuhu ya leƙa, fuskarsa ta saki, kamar wanda ya ga ɗan garinsu a baƙuwar kasuwa.

Sai ya ce, "Dakata. Bari in ba ta baya, kar ido ya ruɗe ni."

Ya taka zuwa bakin katanga, ya juya mana baya, ya tura hula gefe ya buɗe kunnen dama, ya haɗa hannuwa a baya. Isaka ya ajiye tayar da yake faci. Na shiga na murɗa lakile.

Ta tashi da bugu ɗaya. Ga kapo a buɗe, ga ba murfi, ƙarar ta cika garajin, irin ƙwanƙwasar nan ta injin gazuwal. Kajin da ke kiwo ƙarƙashin benci suka watse. Na taka mata wuta har mai shayi na tsallaken hanya ya waiwayo. Na sake takawa. Ina kallon bayan Nuhu, ina roƙon Allah a zuciyata ya ɗaga hannu ko ya gyaɗa kai.

Yana nan tsaye. Can ya ɗaga murya, bai juyo ba, ya ce, "Barmo, mi kake jira? Tada ta mana!"

Isaka ya sunkuyar da kai. Ni kuwa hannuna yana kan sitiyari, na kasa kashewa, na kasa fitowa.

Da shirun namu ya yi masa yawa sai ya juyo. Ya ga hayaƙi yana fita ta baya, ya ga fanka tana juyawa, ya ga fuskokinmu. Ya daɗe a tsaye. Sannan ya tako a hankali, ya ɗauki murfin daga jikin bedi, ya share masa ƙasa da hannun rigarsa, ya miƙo mini.

Ya ce, "Maida ma yaro abinai. Lakile kuma ka ba shi, ka ce na gode."

Na fito na karɓa. Na so in yi masa wata tsiyar ko zai yi dariya, sai na fasa. Ya juya zai tafi tasha neman motar Garhanga, sai ya dawo ya tsaya dab da ni, ya kafa wa bakina ido.

"Barmo, tsakaninka da Allah. Yaya kukanta?"

Na ce, "Lafiya lau take kuka, Nuhu. Ba inda take ciwo."

Ya sa na maimaita, don bai kama da farko ba. Ya gyaɗa kai ya ce madalla. Da sauran rana ya shiga motar Garhanga, a baya, tsakanin buhunan gero, kuma direban yaro ne da bai san ko shi wane ne ba.