Jan Gargaɗin Danladi da Muryar Ƙasar Waje

Shekara shida ke nan da rasuwar abokina Danladi, mai gyaran rediyo a unguwar Akurba da ke Lafia, amma har yau in na ga jar fitila sai in tuna shi.

Abin da ya fara jan idona a shagonsa wata 'yar na'ura ce kamar filas ɗin ajiye waƙoƙi, wadda ake soka wa kwamfuta ta koma rediyo, tashoshi su riƙa tsalle a kan allo kamar harshen wuta. Na are ta ranar. Lokacin kaina cike yake da littattafan soyayya, na kuma yi imani rabona yana wata ƙasa mai nisa.

Na ɗaura eriya a gora, na ƙara waya har kan mangwaron maƙwabta, na murɗa ƙarfin kamun sigina zuwa ƙarshe. Wani jan rubutu ya fara ƙyaftawa a allon. Ni kuwa na ɗauka bugun zuciya ne. Can a wata mita da ba kowa, sai ga muryar mace, siririya, cikin shuuu kamar daga bayan teku. Na kamu. Ko da na ji tana yabon doyar Agyaragu, cewa na yi ashe doyarmu ta yi suna a duniya.

Da Danladi ya zo karɓar kayansa, ya kalli gorar, ya kalle ni.

"Oga, wannan jan yana cewa sigina ya yi masa yawa. Ka ɗura masa har ya shaƙe."

Ya kwance rabin wayar, ya rage ƙarfin. Jan ya mutu, muryar ma ta ɓace. Na kama wuyan rigarsa na ce ya dawo mini da matata.

"Sake ni mana. Ba ta je ko'ina ba." Ya matsa zuwa tashar garinmu, sai ga ta tangaram. "Tashar nan ce ta yi ƙarfi, inuwarta ta faɗa can. Rahila ce, 'yar layin bayanku."

Shi ya raka ni wurinta. Na zuba mata duk abin da na haddace: wata, taurari, kogin hawaye. Ta saurara har shayinta ya huce, sannan ta juya ga Danladi, wanda sannu kaɗai ya ce tun zuwanmu.

"Wannan abokin naka, ba a rage shi ne?"

Ni na yi babban aboki a bikinsu.

Yau kowa a Lafia yana ihu a cikin waya, masallaci da coci da mai tallan magani kowa da lasifikarsa. Nakan tambayi kaina me Danladi zai ce. Ina jin ba zai ce komai ba, hannu kawai zai miƙa yana neman wurin ragewa. Abin da ya bar mini ke nan, kuma da shi na samu tawa matar, da jimla biyu kacal.

Rahila ta bar gidan rediyo, tana sarin doya a hanyar Obi, ta riƙe yaransu da kyau. Na'urar tana wurinta. Bara na je gaisuwar shekara, na fara jero mata halayen marigayi, murya na rawa, har na kai ga taurari. Ta share ido da gefen mayafi, ta ce, "Oga, ja ya kama."

Nan take na rage. Muka zauna haka har la'asar.