Turancin Kawu

Ran nan ina alwala a tsakar gida sai na ji wani kiɗa yana tashi daga wayar ɗiyata, busa da ganga mai sauri. Ban san lokacin da na saki buta ba. Ta ce wai wani tsohon shirin Turawa ne aka sake yi, har da fassarar Hausa.

In ba a Talata Mafara ka tashi a zamaninmu ba, da wuya ka gane abin da ya sa na saki butar. Duk unguwarmu talabijin ɗaya ce, ta kawuna, wanda ya yi wa Turawa tuƙi lokacin ginin dam ɗin Bakolori. Kowace Asabar bayan La'asar yakan fito da ita zaure, ya jona ta da batirin mota. Lokacin cirar albasa ya fi armashi: manoma su shigo da warinta a riguna, mahauta su baro kasuwa da wuri, mu yara mu cika ƙasa. Shirin da muke kallo, mai wannan kiɗan, na wani jarumi ne mai jirgin ruwa, kullum yana tsakanin kogi da daji, 'yan fashi na bin sa.

Ba mai jin Turanci sai Kawu, don haka shi ke fassara, a tsaye. Jarumi ya furta kalma biyu, Kawu ya yi ta zuba. "Ya ce musu ku matso, ɗan mahauci ba ya tsoron jini!" Sai zaure ya kaure da ihu. A bakinsa muka ji cewa ƙanensa da aka sace jarumin yake nema, kuma ya rantse ba zai ci tuwon gida ba sai ya gan shi. Kakata da ke leƙe ta bayan asabari har hawaye take yi.

Da na ji an dawo da shirin, nan take na kira yayana a Bakura da ɗan baffana a Maradun. Ranar Asabar suka iso a kan babur, murna kamar Sallah. Muka sayi tsire, muka ɗauko Kawu, wanda yanzu sai an riƙe masa hannu, muka zaunar da shi a gaba.

Ba a yi rabin awa ba ƙorafi ya tashi. Yayana ya ce wannan sabon jarumin ko kwalekwale bai taɓa tuƙawa ba, a dubi hannunsa sumul. Ɗan baffana ya ce kadan da aka nuna a kogin ma na kwamfuta ne. Ni kuwa ƙanen nake jira, shiru. Ba ƙane, ba rantsuwa, ba karin magana ko ɗaya, zinariya kawai ake nema.

Ɗiyata tana jin Turanci. Ta lalubo tsohon shirin a waya, ta saurara, sannan ta ce, "Baba, ai na da ɗin ma zinariya yake nema. Ba shi da wani ƙane."

Kowa ya juya ya dubi Kawu. Ni dai ban so tsoho ya ji kunya a gaban jikarsa. Sai Kawu ya yi dariya har da tari.

"Turawan da niy yi ma tuƙi 'yan Italiya na, ba Ingilishi su kai ba. Mutane sun baro gona sun cika man zaure, in ce musu mi? Ban sani ba?"

Muka yi dariya har ciki ya ƙulle. Yayana, mutum mai furfura, ya matso ya durƙusa. "To Kawu, don Allah, an ga ƙanen?"

"Ku kashe muryar wanga abu," in ji Kawu.

Har aka kira Magariba yana ba mu labari, aka ga ƙanen a wani tsibiri, ya zama sarkin masunta.

Yanzu kowane yaro da wayarsa, fassara tana zuwa daidai kalma da kalma, ba mai tsayawa ya ƙara maka gishiri. Sabon shirin dai ba wanda ya nemi kashi na biyu a cikinmu. Muryar Kawu da ɗiyata ta naɗa a ranar, ita ce dangi suke ta tura wa juna daga Mafara har Maradun.