Yadda Na Kai Baba Bakin Teku

Mun tashi da asuba daga Kano, ni da mahaifina, a doguwar bas mai zuwa Legas. Wata uku ke nan da likita ya gaya mana ganin Baba yana raguwa, kuma ba mai dawowa ba ne. Ranar ya ce mini shekara goma sha biyu ya yi yana fataucin goro a Agege, amma bai taɓa leƙa teku ba. Yana son ya gani tun da sauran idonsa.

Hanya ta yi kyau har Kaduna, daga nan sai ramuka. Sojoji sun koma bariki bara, shingayen kan titi kuwa suna nan daram. A Jebba muka ci soyayyar doya da kifi, Baba yana yi wa mai tuyar Yarbancinsa na da, tana dariya har da dafa ciki.

Washegari da hantsi muka sauka gidan ƙaninsa a Agege. Unguwar kamar Fagge, ga masu tsire, ga masu shayi, sai dai yaran gidan in suka fara magana da Hausa da Yarbanci suke ƙarasawa. Baffa ya yi alkawarin kai mu a motarsa, muka kwana biyu muna jira, ita kuwa tana gareji an sauke mata inji. Rana ta uku Baba ya ɗauki sandarsa.

"Tashi mu tafi. Da motata na zo garin nan da farko?"

Bayan azahar muka ci burodin Agege da dafaffen wake mai baƙar miya, muka hau molue, wato ƙatuwar bas ɗin nan da na tsaye suka ninka na zaune. Wata mai kwandon barkono ta dubi Baba ta miƙe ta ba shi kujerarta, ta kuma yi wa kwandasta faɗa saboda ya ture shi. A ciki wani yana wa'azi, wani yana tallar maganin da ke warkar da basir da ciwon haƙori a lokaci guda.

A Oshodi kaina ya ɗaure. Kwandastoci suna kiran unguwanni kamar ana rigima, ban kama ko ɗaya ba. Wani dattijon ɗan dako da ya taso daga Mile 12 ya ji muna Hausa ya tsaya.

"Ina za ku, Alhaji?"

Da ya ji dalili, sai ya kama hannun Baba ya ratsa da mu har bakin danfo, ƙaramar bas mai zuwa Obalende, ya sa aka ba Baba kujerar gaba. Na miƙa masa na goro ya ƙi karɓa, ya ce mu dai sa shi a addu'a.

A kan doguwar gada goslo, wato cunkoson motoci, ya riƙe mu fiye da awa ɗaya. Hankalina ya tashi, don da rana ta yi sanyi Baba ba ya bambance fuska da bango. Muna sauka na tare okada biyu. Mutumin da bai taɓa yarda ya hau babur ba ya tattare babbar rigarsa ya ɗare, yana ce wa matuƙin, "Ɗana, a hankali, amma ka yi sauri."

Mun isa bakin teku da sauran rana. Baba ya cire takalmi ya taka har ruwa ya jiƙa masa wando. Na matso kusa da shi.

"Baba, kana gani?"

"Ina gani. Wancan baƙin fa, gida ne?"

"Jirgin ruwa ne."

"Ikon Allah," in ji shi, ya share fuska da hannun riga.

Kwana biyu bayan nan muka dawo Kano lafiya, da burodi leda uku da yashi a aljihun Baba. Abin da tafiyar ta koya mini shi ne, a Legas wanda ba shi da mota bakinsa ne motarsa, kuma garin da ake ce wa ba ruwan kowa da kowa cike yake da masu kama hannun tsoho. Yanzu kullum da yamma jikoki suna kewaye Baba yana ba su labarin teku, kuma kowace rana igiyar ruwan sai ta ƙara tsawo.