Wandon Kakin Baba

Shekaranjiya, a hanyata ta komawa gida daga makaranta, na tsaya kasuwar Yendi. Na sa hannu cikin tarin gwanjo, sai na ɗago wani tsohon wandon kaki. Shi ya sa nake rubuta muku wannan.

A gidanmu na Salaga, da zarar damina ta ɗauke, tsakar gida kan cika da ƙanshin ɗanyen ganyen da ake naɗe goro da shi. Mun san ayarin fatake mai zuwa Bawku ya kusa tashi ke nan. Da wando ɗaya babana yake tafiya, don a cewarsa goro aka ɗora wa jaki, ba tufafi ba. Kakata ce mai zaɓa. Sai saƙi mai shuni wanda ba ya nuna dauɗa, mai faɗin hantsa yadda mutum zai hau jaki, ya sauka ya yi salla, in an tsallake rafi kuma ya bushe a jiki.

Shekarar da yaƙin Turawa ya sa yadi ya yi tsada, saƙin ma ya gagare mu. Baba ya shigo da wandon kaki da wani soja ya sayar masa da araha, yana ta yabonsa: ga aljihu, ga ƙwari, ƙaya ba ta keta shi.

Kaka ta juya wandon da bakin sandarta. "Ɗan nan, wannan da masu shi. Wanda ya gan ka a ciki ba goro zai tambaye ka ba."

"Haba Iya," ya ce yana dariya, "shi wando ina ruwansa da mai ƙugu?"

Inna ta karɓi wandon. Ta yanki gefen tsohon zanena mai ɗigon ja, ta ɗinka masa ɓoyayyen aljihu ta ciki.

Ayarin ya dawo babu Baba. Madugu ya zauna a zaure, kansa a sunkuye. Ya ce gaba da Bawku, bayan sun ƙetare iyaka, masu farautar sojojin da suka gudu suka tare su. Ba su dubi fuskar kowa ba. Wandon suka duba, suka ware Baba, suka tafi da shi.

Kaka ta rasu kunnenta yana ƙofa. Inna kuwa ta ƙi takaba, ta ce ba ta ga gawa ba. Har yau duk Juma'a sai ta shanya buzun sallarsa, kada ya dawo ya tarar yana wari.

A Yendi na juya ƙugun wandon. Ga aljihun nan mai ɗigon ja. Ɗinkin Inna, ƙanana a jere.

"'Yar makaranta, wa saurayi za a saya?" in ji mai gwanjo. Na tambaye shi inda ya samo shi. Ya ɗaga kafaɗa. "A dila suke zuwa. Wa ya sani?"

Yanzu mota ke kai goro Bawku, kowane yaro kaki yake sawa, ba mai tare shi. Wandon na saye shi, yana ƙasan akwatina. Gobe Juma'a ce, Inna za ta fito da buzun nan, ni kuwa ban san ko in bar ta ta shanya ba.