Malkanti, Wadda Ta Fara da Ido

Kafin jirgin ƙasan bakin teku ya sauke ma'aikata a Panadura, Malkanti ta riga ta buɗe tagogi, ta wanke burusai, ta zauna tana sirka fenti da ruwa. Wannan aikin ba ta sakar wa kowa. Takan ɗiga ruwa, ta juya, ta ja layi a bayan babban yatsanta. In fentin ya rufe zanen fata, ya yi kauri. In ya gangara, ya yi ruwa. Sai ya kwanta yadda take so sannan ta buɗe ƙunshin shinkafarta ta karya.

Aikinmu kowa ya san shi a unguwa. Sojojin dalma ne, kowanne bai wuce gaɓar yatsa ba. Ana aiko mana su tsirara daga Turai, mu yi musu riga da fuska, mu mayar wa dattawa masu jikoki su jera a tebur suna wasan yaƙi. To, kowa da kiwon da ya karɓe shi. Mu dai a nan muke cin abinci, kuma rabin matan da ke cin abincin nan a hannun Malkanti suka koyi riƙe burushi.

Koyarwarta ba lallashi a ciki. Sabuwar zuwa ta dumbuzo fenti, sai ka ji ta daga bayanta: "Ke nangi, ƙanwata, bango kike shafawa ko soja? Goge a yatsa! Shafi biyu marasa kauri, na ce, ba ɗaya mai kama da kunu ba." Kafin zuwanta, in ana son inuwa sai a tsoma soja gaba ɗaya a ruwan baƙin fenti, ya fito kamar wanda aka tsamo daga kwata. Ita ce ta kai shi bakin taga ta ce mu duba inda rana ba ta kai ba: ƙarƙashin hula, hammata, ninkin wando. Nan kawai za a sa duhu, kuma da tsinin burushi.

Amma abin da ya sa na ɗauki alƙalami yau, maganar Sunetra ce.

A wajenmu ido ne ƙarshe. Mai zanen haikali yakan gama siffar abin bauta kaf, sai ranar da aka tsayar ya juya mata baya, ya dubi madubi, ya zana mata idon ta kan kafaɗarsa, don kada kallon farko ya sauka a kansa. Ba wanda ya ce a yi wa sojan dalma haka, amma hannu abin da ya tashi da shi yake bi. Sai mu gama fuska tsaf, sannan mu riƙe numfashi mu ɗiga ƙwayar ido. Ɗigon ya kauce ko da gashi ɗaya, shi ke nan, jarumi ya koma kwaɗo.

Sunetra ta girmi Malkanti, kuma 'yar mai zanen haikali ce. Shekara da shekaru ba wadda ta kai ta iya fuska. Sai hannunta ya fara rawa. Riga da takalmi tana iya yi, amma ido ya gagare ta. Aka dawo da akwati guda daga Turai, duk fuskokinta ne. Mai ma'aikatar ya kira ta, kansa a ƙasa.

"Sunetra akka, ke yayarmu ce duka, ba son raina ba ne. Akwatin da zai tafi kafin sabuwar shekara, in shi ma ya dawo, sai ki huta a gida."

Ta dawo ta zauna. Da rana ne ta faɗa wa Malkanti cewa wannan aikin shi kaɗai ne gadon da babanta ya bar mata, in an raba ta da shi ba ta san me za ta tashi ta yi da safe ba.

Malkanti ta daina cin abincin rana da mu. Tana can ƙuryar tebur da ɓatattun sojoji, tana yi tana kankarewa. Rannan ta kawo ɗaya ta ajiye gaban Sunetra. Fuskar dalma ce zalla, sai farin layi mai faɗi daga kunne zuwa kunne, da baƙin zane biyu a tsaye.

"Akka, da ido za ki riƙa farawa. Ki yi shi ƙato, ki bar hannun ya yi rawarsa. Daga baya ki matse shi da inuwa."

Sunetra ta yi tsalle ta dire. "Ya zauna yana kallona ba fuska ba riga? Ni 'yar wa kika ɗauke ni?"

Yamuna, wadda bakinta ba ya shiru, ta cafe daga can gefe: "Haba akka, sojan Bature ne fa. Ko ya kalle ki ba ya jin yarenmu!"

Aka kwashe da dariya. Sunetra ta tattara burusanta za ta fita. Malkanti kaɗai ce ba ta yi dariya ba. Ta tare ƙofa, ta ɗaga sojan.

"Tsakaninki da girman babanki, akka, wannan ido ne?"

"Wannan ƙazanta ce."

"To ai shi ne. Ƙazanta ba ta kallon kowa. Sai kin taso da kumatu daga ƙasa, kin gama riga da hula, sannan ki sauke inuwar fatar ido daga sama. A nan ne zai buɗe, kuma shi ne shafinki na ƙarshe. Me kika saɓa?"

Sunetra ta karɓi sojan ta duba. Can ta ce, "Kawo kujera, sarkin baki."

Sati ya bi sati suna kafaɗa da kafaɗa. Gwiwar hannu a kan tebur, wuyan hannu biyu a haɗe, don soja da burushi su yi rawa tare. Ba ɗigo kuma, sai jan layi da gefen burushi, wanda in ya kauce shafi na gaba ya rufe. Na farko ya fito kamar mai gyangyaɗi, na biyu kamar an mare shi. Sunetra ta yi zagi, ta yi kuka, ta yi jifa da soja har ya daki fanka. Malkanti ta ɗauko shi ta ce, "Wannan ya mutu a yaƙi, ɗauki na gaba." Akwatin ya tafi.

Bayan hutun sabuwar shekara mai ma'aikatar ya shigo yana tambayar wa ya yi fuskokin akwatin nan. Sunetra ta miƙe tana dafa tebur.

"Ni ce."

"Mai sayen ya bugo waya daga Turai. Ya ce sojojinsa har harara suke yi. Ya sake aiko runduna, kuma ya ce hannun da ya yi waɗancan shi yake so."

Kai, ranar an yi ihu! Yamuna ta hau benci tana rawa, masu shagon ƙasa suka hauro a guje sun ɗauka gobara ce. Yau duk ma'aikatar da ido take farawa.

Malkanti, ke ce kika ga hannu yana rawa ba ki ce ya tsufa ba, kika nemo masa hanya. Ke ce kika ga mutum ya riƙe al'adar ubansa ba ki yi masa dariya ba. Sunanki bai taɓa hawa akwati ko ɗaya ba, masu wasan can ba su san da ke ba. Mu mun sani, gwanar inuwa, kuma ba za mu yi shiru ba.

Makon jiya ta ajiye aiki, za ta koma wajen 'yarta a Kandi. Aka dafa shinkafa da madarar kwakwa, kowa ya faɗi alheri. Muna cikin haka Sunetra ta taso da damin ganyen taunawa, irin wanda yaro ke miƙa wa babba, ta durƙusa za ta taɓa ƙafarta. Malkanti ta yi baya da sauri.

"Akka, tashi! Kin girme ni fa. So kike ki ja mini abin faɗa?"

"Karɓi ki yi mini shiru," in ji Sunetra. "Ganyen zubewa zai yi, kin san hannuna."

Mun gode, Malkanti. Ku kuma masu karatu, in akwai wanda hannunsa ya fara gazawa a wajen aikinku, kada ku jira ranar sallamarsa ku yi masa jawabi. Ku ja kujera kusa da shi tun yau. Kujerar koyar da fuska da Malkanti ta bari, Sunetra ce a kanta yanzu, kuma har gobe hannunta rawa yake yi.