Malam Illo Ambursa, Wanda Ya Ƙi Shan Ruwa Da Kalandar Kano

Na Allah muke, kuma komai daɗewa wurinsa za mu tattara. Ranar Lahadi, 28 ga Sha'aban 1405, daidai da 19 ga Mayu 1985, bayan azahar, Allah ya karɓi ran Malam Illo Ambursa a gidansa na bakin fadama, nan Birnin Kebbi, bayan ciwon ƙirji da ya kwantar da shi tun shigowar bazara. An yi masa sutura kafin magariba. Ya bar matarsa Kulsumi da 'ya'ya huɗu da jikoki. Ni Tamba, tsohon malamin firamare, abokinsa ne tun muna elementare, kuma na ɗauki alƙalami ne domin na gaji da jin yabonsa a bakin mutanen da ba su cancanci ambaton sunansa ba.

Illo, da ka ga taron jana'izarka da ka yi wannan 'yar dariyar taka ta gefen baki. Sahu ya kai har bakin kwalta. Waɗanda suka yi shekaru suna kawar da kai idan ka yi sallama, su ne ke ture juna wajen ɗaukar makara. Na ji wani yana cewa an yi rashin fitila, na waiga don in ga mai maganar, sai ga mutumin da ya taɓa ce maka ɗan duba a gaban jama'a. Ihu bayan hari ke nan. Wallahi na ji kamar in bar maƙabartar, sai dai kai na zo rakiya, ba su ba.

Ga wanda bai san shi ba, Illo ma'aikacin safiyo ne, ya auna ƙasar nan daga Yawuri har Kangiwa kafin ya yi ritaya. A wurin aikin ya koyi karanta littafin taurari da ake ba masu awo, ya haɗa da abin da ya ɗauko na hisabi a zauren kawunsa a Ambursa. Kayan aikinsa ba su cika jaka ba: littafin nan, da agogon hannu da yake daidaitawa da rediyo, da sanda da ya kafa a tsakar gida don awon inuwa. Da su yake fitar da lokacin da wata zai fito da lokacin da zai faɗi, da ranar da zai cika, da daren da zai ɓuya, da fitowar alfijir, da ɓacewar jan shafaƙi. Abin da ya bambanta shi da sauran masu lissafi shi ne, na garinmu yake fitarwa. Kullum yana cewa kowane gari da ranarsa, sai ta sallami mutanen gabas sannan ta zo ta sallame mu.

Ba ka taɓa rowar wannan ilimi ba, Illo. Mutanen ƙauyen da babu lantarki suna zuwa maka idan za su sa ranar biki, domin a samu farin wata, baƙi su koma gida da haske. Na tuna Hodi, masuncin nan na Argungu, da ya zo neman ranar auren ɗansa, yana son dangin amarya na Augie su koma ta ruwa ba tare da fargaba ba. Ka ba shi rana, ya tafi. Bayan kwana biyu kana sake dubawa ka ga ka zame, a daren da ka ba shi wata ba zai fito ba sai dare ya raba. Da wani ne, da ya bar maganar, ya ce ai Allah ke da wata. Kai kuwa ka tayar da tsohon babur ɗinka da tsakar rana, ka ɗauke ni a baya, muka sha ƙura har Argungu. Ka same shi yana gyaran taru, ka ce, "Hodi, na yi kure, ka jawo bikin baya da kwana biyar." Ya dube ka ya ce, "Malam, don wanga kaz zo tun daga Birni?" Muka dawo da ƙyafaffen kifi ɗaure a bayan babur, ni kuwa na yi mako ina jinyar ƙugu.

Haka nan duk ranar ashirin da tara ga wata kana kan tudu tare da masu duba jinjirin wata. Ka nuna musu inda za su sa ido, ka gaya musu ɗan lokacin da zai jima kafin ya bi rana. Idan an gani, alhamdu lillahi. Idan ba a gani ba, ko lissafinka ya ce yana nan, sai ka kaɗe rigarka ka ce ba a gani ba, domin a wurinka lissafi jagora ne kawai, ido ke ba da shaida. Wannan shi ne mutumin da wasu suka ce yana bautar taurari.

To, ga yadda abin ya faro. A masallacin unguwarmu akwai baƙin allo da Illo yake rubuta lokutan salla da alli kowace Juma'a, ladaninmu Atiku yana bi. Shekara shida da suka wuce Alhaji Maiwada ya samu kwangila, kuɗi suka zauna. Ya yi wa masallaci rufin kwano, ya sa lasifika, ya rataya agogon bango, aka wayi gari shi ne shugaban kwamiti. Ban ƙi ba, Allah ya ba shi ladan kwanonsa. Sai dai ya je Kano sarin kaya, wani kanti ya ba shi kyautar kalanda mai sheƙi, da hoton Ka'aba a sama da lokutan salla a ƙasa. Ya dawo ya sa aka sauke allon Illo, aka jingine shi bayan randar alwala, aka kafa kalandar a gurbinsa.

Lokutan Kano ne a jikinta. Kowa ya san Kano tana gabas da mu nesa, kuma rana tana faɗuwa can ta bar mu da tamu fiye da rubu'in awa. Sai ya zama ana kiran asuba a unguwarmu alfijir bai keto ba, ana kiran magariba rana tana sama. Abin takaicin, daga harabar masallacin ba a ganin yamma, domin benen Maiwada ya tare ta. Inuwar gidansa ke rufe mu tun da sauran rana, mutane su ɗaga kai su ga duhu-duhu, su ce lallai magariba ta yi.

A azumin farko Illo ya same shi cikin ladabi bayan la'asar, ina tsaye. Ya yi masa bayani dalla-dalla, har yana zana ƙasa da yatsa. Maiwada ya gyara hularsa ya ce, "Malam Illo, wagga takarda inji yab buga ta. Kai da alli kaka rubutu. Ko ka hi malaman Kano sani?" Illo ya ce malaman Kano daidai suka yi, na garinsu suka fitar. Ya ce kuma ba sai an yarda da shi ba, idan an kira salla a tako zuwa ƙofar gidansa na bakin fadama a dubi yamma, tafiyar ba ta kai ta zuwa kasuwa ba.

Jama'a, shekara shida ba a yi wannan tafiyar ba. Mutanen da ke iya zuwa Jega don rangwamen buhun gero sun kasa taka bayan layi biyu don azuminsu. Sun san idan suka gani dole su yi magana, idan suka yi magana kuwa buhun shinkafar da ake rabawa a gidan Alhaji da salla zai tsallake ƙofarsu. Da aka ce ai sauran masallatan gari ba su kira sai can baya, Maiwada ya ce ladanansu ne malalata. Aka yi dariya, har da masu furfura. Atiku kuwa, bawan Allah, keken da yake hawa na Alhaji ne, sai ya riƙa duban agogo yana kauce wa idon Illo. Daga nan aka fara raɗe-raɗin cewa Illo ɗan duba ne, boko ya ɓata shi, yana neman raba kan jama'a. Aka daina matsa masa wuri a sahun gaba inda ya yi shekara talatin yana tsayawa.

Abin da ya fi ba ni haushi da kai, Illo, shi ne haƙurinka. Ni na so a yi ta ta ƙare, kai ka hana. Ba ka zagi kowa ba, ba ka kai ƙara ba. Azahar da la'asar da lisha kana cikin jama'a, asuba da magariba ka taka zuwa masallacin gaba. Duk shekara idan Sha'aban ya raba sai ka sake zuwa ka gaya musu, su sake yi maka kallon mahaukaci. Na ce maka ka bar su, tunda sun zaɓi kwano a kan azumi. Ka ce akwai tsofaffi da mata a cikin gidaje waɗanda ba su san komai ba sai muryar ladan, su kake ji. Ko a makon da za ka cika, da numfashi yana yi maka wuya, maganar da ka yi mini ke nan.

An ga wata ranar Litinin, a daidai inda ka ce za a gan shi. Talata ta zama ɗaya ga Ramadan, ta kuma zama ranar addu'ar ukunka. Da yake bakin kowa da azumi, aka ɗage sadakar zuwa shan ruwa. Aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidanka, wadda ke fuskantar fadama ba abin da ya tare ta. Unguwa duka ta zo. Maiwada ya iso da babbar riga tana ƙamshin turare, ya zauna a gaba, ya yi jawabi. Ya ce an yi rashin masani, ya ce shi da marigayi ba su taɓa saɓawa ba sai a kan fahimta. Na sunkuyar da kai ina istigfari don kada bakina ya kuɓuce.

Yana rufe baki sai lasifika ta ɗauka, Atiku ya kira magariba. Ga rana kuwa jawur a gabanmu, zaune bisa kan giginyu, shanu suna kiwo a ƙarƙashinta. Ba mai iya cewa bai gani ba, domin fuskar kowa can take kallo. Maiwada ya yi gyaran murya ya ce a leƙa ciki a ce a fito da kunu.

Kulsumi tana takaba, ba ta fito ba. Daga bayan asabarin zaure muryarta ta zo, ba ta ɗaga ta ba, amma kowa ya ji. Ta ce, "A gaya ma Alhaji ya yi haƙuri. Gidanga ba a taɓa shan ruwa da rana ba, ba kuwa za a hwara yau ba don mai gidan ya kwanta."

Abin da Maiwada ya yi, da idona na gani, kuma na rubuta shi don jikokinsa su karanta. Ya dubi agogonsa, ya dubi rana, ya dubi jama'a. Sai ya muskuta a kan tabarma ya juya wa yamma baya, ya zaro dabino daga aljihu, ya yi bisimilla ya jefa a baki. Mutum huɗu ko biyar daga cikin masu cin tuwonsa suka juya tare da shi. Tir da wannan hali! Na ga rashin kunya iri-iri a rayuwata, amma ban taɓa ganin dattijo ya ba rana baya don ya ci dabino ba.

Sauran jama'a suka zauna hannu sake, suna kallon ranar tana sauka a hankali. Ba a taɓa jin tsawon wannan ɗan lokaci ba sai ran nan. Can Baba Abu, tsohon da ya haura tamanin, wanda bai taɓa shan azumi ba ko da ciwo, ya dafa kafaɗata. Ya ce, "Tamba, duk shekarun nan haka muka sha?" Ya sake tambaya, ya dubi na kusa da shi, kowa ya sunkuyar da kai. Sai da ƙwayar ranar ta nutse sarai sannan aka fito da kunu da gumba, tsohon nan ya karɓi ludayi yana hawaye.

Washegari da yamma na ga Atiku ya tako da ƙafa, ba keke, ya tsaya a ƙofar gidanka yana kallon fadama. Sai da rana ta faɗi ya koma ya kira salla. Kwana biyu bayan haka Maiwada ya aiko aka kwance lasifikarsa. Yanzu Atiku da muryarsa yake kira, ta dishe, ba ta wuce layi uku, amma a kan lokaci take zuwa. Kalandar tana nan a bango, har yau ba a samu namijin da zai sauke ta ba. Maganar azumin da ya wuce kuwa tana hannun malamai, Baba Abu yana ta zarya a zaurukansu.

Allah ya jiƙanka, Illo. Allah ya gafarta maka kurakuranka, ya yalwata kabarinka, ya haskaka shi, ya sa haƙurin da ka yi ya zama nauyi a mizaninka. Ina miƙa ta'aziyyata ga Kulsumi, Allah ya ba ta haƙuri ya saka mata, da 'ya'yansa da jikokinsa, da danginsa na Ambursa, da Hodi da mutanen Argungu da suka zo har sau biyu. Allah ya karɓi azumin tsofaffi da matan da aka shayar da rana ba da saninsu ba, ya sanyaya zuciyar Baba Abu. Idan tamu ta zo, Allah ya sa mu cika da imani.

Shi kuwa wanda ya gani ya juya baya, ina da abin da zan ce a kansa, amma bakina da azumi.